Malama ko Mai Reno? Tarihin Horar da Masu Koyar da Ƙananan Yara a Nijar, da Misalin Madarumfa

1. Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa fassara takardun ma'aikatar ilimi daga Faransanci zuwa Hausa ya san wuraren da alƙalami ke cijewa. Ɗaya daga cikinsu shi ne sunan matar da ke tsaye gaban yara ƴan shekara 3 zuwa 5. Takardun gwamnati sun kira ta «jardinière d'enfants», sun kira ta «éducatrice», da aikin ya isa ƙauye kuma suka ce «animatrice». A bakin jama'a kuwa, yaran birnin Maraɗi suna ce mata «madam» ko «tanti», na Jibiya a tsallaken iyaka su ce «anti», iyaye a ƙauye su ce «malama» in suna son girmama ta, su ce «mai renon yara» in an zo maganar kuɗin wata.

A cikin wannan ƙasida za mu yi ƙoƙarin nuna cewa kowane ɗaya daga sunayen nan ya zo da zamaninsa, ya kuma zo da irin horon da aka ga ya dace da mai sunan. Horon ya ƙaru ƙwarai cikin shekaru hamsin da suka wuce, wannan ba mu musa shi ba. Sai dai a namu ganin ya bar abu guda a baya, wato harshen da matar nan ke aiki da shi tun safe har a tashi.

Mun ɗauki Madarumfa misali saboda a nan al'amarin ya fi fitowa fili. Gunduma ce ta kudancin jahar Maraɗi, a bakin iyakar jahar Katsina ta Nijeriya, mai ƙananan hukumomi 6: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Baƙi sun fi saninta da tafki da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Mu abin da ya dame mu shi ne ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 400,000 a cikinta, kuma binciken lafiyar iyali na wannan shekara ya nuna mace a jahar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa 8.4 a lissafin tsaka-tsaki, alhali na ƙasa baki ɗaya 7.6 ne. Ƙasa ce ta ƙananan yara ke nan, kuma mafi yawansu Hausa ce harshen da suka buɗe baki da shi.

2. Abin da lakwal ta tarar

Kafin zuwan lakwal yaro ɗan shekara 4 yana da masu tarbiyya. A cikin gida akwai uwa da kaka da yaya mace, masu waƙar reno da tatsuniya da kacici-kacici. A ƙofar gida akwai makarantar allo, inda ake sa yaro tun kafin ya iya ɗaura wando, ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru. Ya kamata mai karatu ya lura cewa makarantar allo tana da nata tsanin horar da malami: kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi yana biya wa ƙanana karatu a gaban malaminsa shekara da shekaru kafin a sallame shi ya kafa tasa. Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba, bulala kaɗai ta isa shaida. Amma mai koyon aikin yana koyonsa ne a wurin aikin, a gaban wanda ya fi shi, cikin harshen yaran. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne tsarin boko ya daɗe yana nema bai haɗa su wuri guda ba.

3. Gadon Faransa

Kalmar «jardin d'enfants» fassara ce ta «Kindergarten», sunan da Bajamushe Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa a 1840, bisa tunanin cewa yaro tsiro ne, malama kuma mai ban ruwa. (Mun sha ganin ɗalibai sun fassara ta da «lambun yara», abin da manomin Jiratawa zai ɗauka fili ne da aka ba yara su shuka albasa.) A Faransa kanta, a 1881 ne aka mai da gidajen ajiye yaran ma'aikata suka zama «école maternelle», kuma Pauline Kergomard, wadda ta yi shekaru masu yawa tana babbar mai duba waɗannan makarantu, ta dage a kan cewa wasa shi ne aikin ƙaramin yaro, kada a mai da ajinsa ƙaramar firamare.

Wannan tunani bai ƙetaro teku da ƙarfinsa ba. Makarantar mulkin mallaka ma'aikata take nema, masu rubutu da tafinta, kuma taron Brazzaville na 1944 ya jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A irin wannan hali makarantar ƴan shekara 4 abin marmari ce. Mishan Katolika ne suka fara buɗe ta a birane, ƴaƴan ma'aikata ne suka cika ta, sai a shekarun 1970 gwamnati ta shigo da nata. Daga nan aka kafa al'adar da ta daɗe tana bin mu: malamar da za ta riƙe ajin ƙanana ana ɗauko ta ne daga firamare. Makarantar horon malamai ta koya mata yadda ake koyar da karatu da lissafi da nahawun Faransanci ga ɗan shekara 7 zuwa 12, sa'an nan a miƙa mata ƴan shekara 3. Abin da ta sani shi za ta yi: ta jera su kan benci, su harɗe hannu, su maimaita.

Abin ban takaici shi ne a daidai wannan lokaci Nijar tana kan gaba wajen gwaje-gwajen ilimi. Littafin Abdu Mumuni a kan ilimi a Afirka ya fito a 1964, yana kiran a koyar da harsunan gida. A wannan shekara aka fara koyarwa ta talbijin, inda aka nuna cewa mai ƙaramin karatu zai iya riƙe aji in an ba shi ɗan horo, aka kuma ci gaba da tallafa masa kullum da darasi da takardar jagora. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya shimfiɗa ƙa'idar rubuta Hausa da wasu harsunan yankin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram, a 1974 aka kafa INDRAP don rubuta littattafai da taimakon malamai a kan aiki. Ga harshe, ga dabara, ga cibiya. Amma dukkansu firamare suka fuskanta. Yaron da ya fi kowa buƙatar a yi masa magana da harshen uwarsa, shi aka bari da waƙoƙin da aka tsara don yaran Faransa.

4. Daga 1990 zuwa 1998: alkawari da aljihu

Taron Jomtien na 1990 ya sa ƙasashe sun amince cewa koyo yana farawa tun daga haihuwa. Amma waɗanda suka yi aiki a shekarun nan sun san halin da ake ciki: matsin tattalin arziki, albashin da ke yin watanni bai fito ba, yajin aiki, shekarun karatu da suka tafi a banza, daɗin daɗawa ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Ma'aikatar da ba ta iya sayen alli ba za ta tura mai ba da shawara ƙauye ya ga yadda ake wasa da yara ba.

Abubuwa biyu suka faru a 1998, kuma a ganinmu sai an karanta su tare. Na farko, doka mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta sa ajin ƴan shekara 3 zuwa 5 cikin ilimin tushe, ta kuma ce harshen uwa ne harshen koyarwa a firamare, Faransanci kuwa darasi. Na biyu, aka fara ɗaukar ƴan sa-kai na ilimi, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantaragi, masu ƙaramin albashi, da yawansu ba su taka makarantar horon malamai ba. Wato a shekarar da doka ta ɗaga darajar aikin, a shekarar ne aka rage tsawon hanyar shigarsa. Tun daga nan nauyi ya koma kan horon da ake yi bayan an kama aiki, domin na kafin aiki ya gajarce ko ya ɓace.

5. Zamanin «animatrice»

Wajejen shekarar 2000, yaran Nijar da ke shiga aji kafin firamare ba su wuce 1 ko 2 cikin 100 ba, kusan dukkansu a birni. Taron Dakar na 2000 ya sa kula da ƙananan yara a sahun farko na manufofinsa shida, shirin shekara goma na ilimi, PDDE, ya fara a 2003, aka kafa kwamitocin iyaye da malamai masu kula da makaranta, COGES. Shirin «École pour tous» da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya fara a jahar Tawa a 2004, ya ƙarfafa waɗannan kwamitoci, kuma ta hannunsu, tare da UNICEF, aka yaɗa abin da ake kira «jardin d'enfants communautaire», wato ajin ƙanana na al'umma. Gari ne ke kafa rumfa, gari ne ke zaɓen wadda za ta riƙe yara, gari ne ke biyanta da kuɗi ko da hatsi. Ta wannan ƙofa ajin ƙanana ya shiga ƙauye. Duk da haka, a tsakiyar shekarun 2010 adadin bai kai 10 cikin 100 ba.

A nan ne taimakon malamai ya yi rassa. An samu ofisoshin masu duba makarantun ƙanana dabam da na firamare. An samu masu ba malamai shawara. An samu CAPED, wato taron da malaman makarantu maƙwabta ke yi lokaci-lokaci don su duba darasin juna, su warware abin da ya shige musu duhu; tunani ne mai kyau, ya ma yi kama da zaman gardi gaban malam, sai dai yakan tsaya duk lokacin da kuɗin zama da na mota suka yanke. Sa'an nan ga bitar ƴan kwanaki da ƙungiyoyi ke shiryawa, wadda ita ce kusan dukkan horon da mai riƙe ajin al'umma ke samu.

A ƙasar Maraɗi akwai wani reshe da masu tarihin ilimi ke mantawa. Yunwar 2005 ta jawo ƙungiyoyin lafiya, irin su Médecins Sans Frontières, suka zauna a Madarumfa da Ɗan Isa saboda tamowa. Tare da su aka horar da mata da maza na gari masu bin gida-gida suna wa'azin shayarwa da wanke hannu da gidan sauro. Daga baya shirin gwamnati na tallafin iyali, mai ba mace jika 10 a wata har wata 24, ya haɗa da tarukan tarbiyyar yara a wasu ƙananan hukumomin Doso da Maraɗi. Binciken da Patrick Premand da Oumar Barry suka yi a kansa ya samu cewa halayen iyaye wajen reno sun sauya, zamantakewar yara ta ɗan inganta, amma tsayinsu da nauyinsu da kaifin fahimtarsu ba su motsa ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne waɗannan taruka da harshen gari ake yin su, domin ba wanda zai yi mafarkin yi wa uwar ƙauye bayanin kunu da Faransanci. Ma'aikatan lafiya sun gane abin da ma'aikatan ilimi ke jinkirin ganewa.

Mun taɓa halartar wata bita a ɗaya daga ƙananan hukumomin gundumar Madarumfa, a cikin ajin firamare, lokacin hutu. Mata ne kusan duka, wasu da satifika, wasu sun yi shekara biyu ko uku a kolej kafin aure. Mai horon mutum ne mai himma, ya san aikinsa. Ya cika allo da «psychomotricité» da «graphisme» da «pré-lecture», su kuwa suna kwafa da kyakkyawan rubutu, ba mai tambaya. Da aka fita shan iska, aka koma Hausa, sai bakuna suka buɗe. Wata ta kwatanta yadda take koya wa yara ƙirga da ƙwallon goruba da karan dawa, da yadda take sa su bi layin da ta zana a ƙasa da ƙafa ɗaya kamar masu langa. Duk abin da ke kan allon tana yin sa, ba ta dai san sunansa ke nan ba, kuma ba wanda ya gaya mata. Wata dattijuwa daga cikinsu ta juyo wurinmu ta ce:

«Malam, ku da kuka san Hausar takarda, in tambaye ka. In ce ma ɗiyan nan tahi, ko in ce musu tafi? Gida tahi suka sani, ga littahi kuma shina cewa tafi.»

Muka ce: «Inna, me mai horo ya ce?»

Ta yi dariya ta ce: «Shi allez ya ce.»

Tambayar nan ta fi duk abin da aka rubuta a allo a ranar nauyi. Mutanen wannan yanki Katsinawa ne a tarihi, zuriyar waɗanda suka kafa Maraɗi bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma karin harshensu ya bambanta da Hausar da ake rubutawa: «h» a inda rubutu ke sa «f», «shina» a maimakon «yana», «ɗiya» a maimakon «ƴaƴa». Matar nan tana tsaye ne tsakanin harsuna uku, Hausar gida da Hausar takarda da Faransanci, kuma ita ce mutum na farko da zai nuna wa yaro ko maganar uwarsa daidai ce ko kuskure.

Akwai irin waɗannan tambayoyi da yawa da ba su cikin takardar jagora. Alal misali ƙirga. Yaron da ake aike kasuwa ya san «dala biyar», amma abin da ke rubuce a jikin kuɗin 25 ne, domin dala ɗaya tamma biyar ce. In malama ba ta san cewa tsarin ƙirga biyu ne ke kan yaron ba, sai ta ɗauka daƙiƙi ne, alhali ya fi ɗan birni lissafi. Haka launi: takarda ta ce a koyar da «vert» da «jaune» da «orange», yaro kuwa ya san tsanwa da ruwan ɗorawa, kuma iyakar launukan Hausa ba ta faɗi daidai kan ta Faransanci ba. Haka sautuka: ɗan shekara 4 da bai gama rarrabe «k» da «ƙ» ko «d» da «ɗ» ba, wasan karya harshe ne maganinsa, kuma kakarsa tana da shi. Wannan ilimi ne na kimiyyar harshe, aikinmu ne mu da ke jami'a, kuma dole mu amsa cewa mun fi ɓata lokaci kan karin sautin fi'ili fiye da maganar yara.

6. Jarrabawa, gobara da sabuwar doka

Sakamakon PASEC na 2014 ya nuna fiye da 9 cikin 10 na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake nema a karatu ba. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka samu matsakaicin maki, aka sallami wasu, aka tura wasu ƙarin horo. An yi ta gardama a kan adalcin wannan mataki, ba za mu shiga ciki ba. Abin lura shi ne abin da aka auna: Faransanci da lissafi na matakin firamare. Da za a yi wa matar ƙwallon goruba wannan jarrabawa, mai yiwuwa ta faɗi, kuma jarrabawar ba za ta gaya mana komai ba game da iyawarta da yara arba'in a rumfa guda.

Rumfar ma ta zama abin kuka. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan ajin ƙanana. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara haka ta faru a birnin Maraɗi, aƙalla yara 25 ƴan shekara 5 zuwa 6. Allah ya jiƙansu. Gwamnati ta hana ajin zana ga ƙanana a faɗin ƙasa. Hukuncin daidai ne, amma ga ƙauye yana da fuska biyu, domin ajin al'umma da kara aka san shi, kuma garin da ba shi da kuɗin bulo sai ya rufe. A kudancin gundumar Madarumfa, wajen dajin Baban Rafi da bakin iyaka, satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa da suka yi ƙamari tun ƙarshen shekarun 2010 sun ƙara wata wahala: mai ba da shawara da ke tafiya kan babur yana tunani sau biyu kafin ya ɗauki hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu, abin da ya nuna yawan horon da ke rataye a aljihun waje.

Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Masu magana da sauran harsunan Nijar suna da tambayoyinsu a kan wannan, kuma tambayoyi ne na gaskiya. Ɗan Bafulatanin da ke rugar bakin tafki shi ma yana da harshen uwa. Amma ko a inda Hausa ce harshen kowa, LOSEN ta riga ta koya mana cewa doka ba ta shiga aji da ƙafarta. Makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo tana Maraɗi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, Madarumfa kuwa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga kowacensu. Abin da muke ganin sashenmu zai iya farawa da shi, ba tare da jiran kowa ba, shi ne ɗalibai su ɗauki maganar yara ƴan shekara 3 zuwa 5 a Gabi da Safo da Ɗan Isa, su tara wasanni da kacici-kacici daga bakin tsofaffi, a fitar da ƙaramin ƙamus na kalmomin aikin, a kuma rubuta takardar jagora da Hausa tun asali, ba fassara ba, ta yadda zaman CAPED zai gudana da harshen da ake hira da shi lokacin shan iska.

Game da tambayar dattijuwa, a ranar ba mu ba ta amsa mai gamsarwa ba. Da za ta sake yi mana ita yau, za mu ce ta ci gaba da cewa «tahi», domin ɗan shekara 4 magana yake koyo, ba rubutu ba. Ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a 1999 tana jiransa a firamare, inda malaminsa zai nuna masa cewa abin da yake furtawa da «h» ana rubuta shi da «f», in shi ma malamin an koya masa hakan.